Betel ta Jamus: Tarihin Garin da Aka Gina Domin Raunana

Iyayen da Allah ya ba su ɗa mai naƙasar ƙwaƙwalwa suna da wata tambaya da takan hana su barci: ran da ƙasa ta rufe musu ido, wa zai riƙe shi? Sa'ad da yake ƙarami uwa tana goyonsa, 'yan'uwa suna wasa da shi. Amma yaro yakan girma. Sa'o'insa su gama makaranta, su yi aure, su kafa gidajensu, shi kuwa yana nan a zaure ko a bayan ɗaki, mai shekara talatin ko arba'in, ba sana'a, ba aboki, ba mai tambayarsa abin da yake so. Irin wannan mutum dabam yake da mahaukaci. Naƙasarsa ta zo ne tun daga ciki, ko wajen haihuwa, ko daga wani ciwo na ƙuruciya kamar sanƙarau, ta sa fahimtarsa da koyonsa suna tafiya a hankali. Sau da yawa farfaɗiya takan haɗu da ita.

A ƙasar Jamus akwai wani wuri da ake kira Betel, inda Kirista suka yi fiye da shekara 150 suna fama da wannan tambaya. Sun yi abin yabo, sun kuma yi abin kunya. Tarihinsu ya isa a karanta shi duka, ba tare da an ɓoye ɗaya daga cikin biyun ba.

Mafari a gidan gona

A tsakiyar ƙarni na 19 masana'antu suna ta bunƙasa a Jamus. Mutane suka riƙa barin ƙauyuka zuwa birane neman aikin lada, babban gida irin na gandu ya fara watsewa. A ƙauye, raunanan mutum yakan sami ɗan abin yi, ko kiwon awaki ko tsaron ƙofa. A birni kuwa ba shi da wuri. Mai farfaɗiya ya fi kowa shan wuya, gama makaranta takan kore shi, mai masana'anta ba ya ɗaukarsa, magani kuma babu sai wani gishiri mai suna buromaid wanda aka fara amfani da shi a 1857, mai rage faɗuwa amma yana dakushe hankali.

A shekara ta 1867 waɗansu fastoci da attajirai masu bi suka sayi wani gidan gona a bakin birnin Bielefeld, a lardin Westfaliya. Suka sa masa suna Ebenezer, suka karɓi 'yan yara maza kaɗan masu farfaɗiya a hannun wani fasto, Friedrich Simon. Bayan shekara biyar, a 1872, aka kira wani fasto dabam ya shugabanci aikin, sunansa Friedrich von Bodelschwingh.

An haifi Bodelschwingh a 1831 a gidan sarauta. Mahaifinsa minista ne a gwamnatin Furusiya, shi kansa kuma abokin wasan yariman ƙasar ne tun suna yara. Ya fara koyon aikin gona, ya lura da wata babbar gona a Pomeraniya, inda ya ga talaucin 'yan ƙodago da idonsa. Ya so ya zama ɗan mishan, ya tafi Basel karatun tauhidi, amma a 1858 sai ya sami kansa a birnin Paris yana hidima cikin Jamusawa 'yan ci-rani, masu sharar titi da masu tsintar tsummoki. A 1864 ya koma gida ya zama faston wani ƙauye mai suna Dellwig. A can ne, cikin watan Janairu na 1869, ciwo ya shiga gidansa ya ɗauke 'ya'yansa huɗu duka cikin mako biyu. Daga baya yakan ce a wannan makaranta mai zafi ce ya koyi jinƙai. Mutumin da ya iso Bielefeld a 1872 ya riga ya san abin da ake nufi da rashi.

Garin da kowa yake da aiki

A 1874 aka sa wa wurin suna Betel, wato gidan Allah, daga labarin Yakubu a Farawa sura 28. Bodelschwingh ya lura cewa yaran da aka karɓa ba za su warke su koma gida ba. Za su girma, su tsufa, su mutu a nan. Saboda haka abin da suke bukata ya wuce gado da magani. Ya ƙi gina babban asibiti guda ɗaya, ya riƙa gina ƙananan gidaje, kowanne da uban gida da uwar gida, kowanne da suna daga Littafi Mai Tsarki. Mata masu hidima na gidan Zarefat, wanda aka kafa a 1869, da 'yan'uwa maza na gidan Nazarat, wanda aka kafa a 1877, su ne suka ɗauki nauyin jinya da reno.

Babbar koyarwarsa ita ce aiki ya fi sadaka. A ganinsa, wanda ake ciyar da shi kullum ba tare da an nemi kome daga hannunsa ba, an ƙwace masa mutunci ke nan. Don haka aka buɗe gonaki, da wurin toya burodi, da wurin yin tubali, da rumfunan kafintoci, da dukawa, da teloli, da masu ɗinkin littattafai. Wanda ba ya iya riƙe garma yana iya feren dankali. Wanda ba ya iya tsayuwa yana iya zama ya ware tsofaffin kan sarki, waɗanda aka fara tarawa a 1888 ana sayar wa masu sha'awar ajiye su. A 1890 aka fara tara kayan da mutane suka gama amfani da su, tufafi da takalma da tukwane, ana gyarawa ana sayarwa. An ɗauko dalilin wannan aiki daga Yahaya 6:12, inda aka tattara gutsattsarin gurasa bayan an ciyar da taro.

Ko ɗakin sujada an gina shi ne da mazaunan a zuciya. Majami'ar Sihiyona, wadda aka buɗe a 1884, tana da ƙananan ɗakuna a gefe. Idan farfaɗiya ta kama wani ana cikin sujada, sai a kai shi can ya huta, sujada ta ci gaba, ba mai gudu, ba mai jin kunya. Kuɗin gina duk waɗannan ya fito ne daga roƙo. Bodelschwingh ya roƙi sarakuna, ya kuma roƙi talakawa, ya kafa ƙungiyoyin masu ba da ɗan ƙwandala a kai a kai. Theodor Heuss, shugaban ƙasa na farko na Jamus ta Yamma, ya taɓa kiransa maroƙin da ya fi kowa gwaninta a tarihin ƙasar.

Sa'ad da ya rasu a 1910, Betel ta zama gari mai dubban mutane, da shaguna, da makarantar tauhidi, har da kuɗinta na kanta da aka fara bugawa a 1908. Ta kafa rassa a Wilhelmsdorf a 1882 da Lobetal kusa da Barlin a 1905 domin marasa aiki da marasa gida. 'Yan mishan da ta aika sun buɗe gidan jinyar masu taɓin hankali a Lutindi, a ƙasar da ake kira Tanzaniya a yau. Ɗansa Friedrich, wanda aka fi sani da Fritz, shi ya gaji shugabancin.

Gwaji na farko

Bayan Yaƙin Duniya na Farko, talauci ya kama Jamus, wani ra'ayi kuma ya bazu cikin likitoci da masana, cewa naƙasassu kaya ne a wuyan al'umma, ya kamata a hana su haihuwa. Wannan ra'ayi ya shiga har cikin ikkilisiya. A 1931 shugabannin gidajen jinƙai na Furotesta suka yi taro a garin Treysa. Suka ƙi yarda da kisan naƙasassu, amma suka yarda cewa a waɗansu halaye ana iya yi wa mutum aikin tiyata don kashe masa haihuwa. Fritz yana cikin waɗanda suka goyi bayan haka.

Hitler ya hau mulki a 1933. Fritz ba ɗan jam'iyyarsa ba ne. A watan Mayu na wannan shekara shugabannin ikkilisiyoyi suka zaɓe shi ya zama bishop na dukan Furotesta na Jamus, amma 'yan Nazi suna da nasu mutum, Ludwig Müller, suka matsa har Fritz ya sauka kafin wata guda ya cika. Duk da haka, da gwamnati ta kafa dokar kashe haihuwa ta tilas a ran 14 ga Yuli, 1933, Betel ta bi ta. A dukan ƙasar an yi wa mutum wajen 400,000 wannan aiki. A Betel kaɗai sun fi 1,000, maza da mata, waɗanda iyayensu suka kawo su gidan Allah domin a tsare su. Babban likitan Betel na waɗannan shekaru, Werner Villinger, bayan ya bar wurin ya shiga cikin likitocin da suka riƙa zaɓen waɗanda za a kashe.

Takardun mutuwa

A watan Oktoba na 1939 Hitler ya sa hannu a wata gajeriyar wasiƙa ta asiri, ya ba likitansa Karl Brandt da wani babban jami'i, Philipp Bouhler, izinin kashe marasa lafiyar da aka ce ba su warkuwa. Ofishin aikin yana gida mai lamba 4 a titin Tiergarten a Barlin, shi ya sa ake kiransa T4. Aka aika wa kowane gidan jinya takardar tambayoyi a kan kowane mazauni. Takardar tana tambayar ciwonsa, da shekarunsa a gidan, da jinsinsa. Tana kuma tambayar abu biyu da suka fi kome nauyi: wane aiki yake iya yi, kuma akwai mai ziyartarsa a kai a kai? Likitoci a Barlin, waɗanda ba su taɓa ganin mutumin ba, sukan duba takardar su sa alama. Sai motoci masu launin toka su zo su kwashe mutane zuwa ɗaya daga cikin wurare shida, Grafeneck, Brandenburg, Hartheim, Sonnenstein, Bernburg da Hadamar, inda ake kashe su da iska mai guba a ƙone gawa. Iyaye su sami wasiƙar ta'aziyya mai ɗauke da dalilin mutuwa na ƙarya.

Fasto Paul Gerhard Braune, shugaban reshen Lobetal, yana cikin waɗanda suka fara gane abin da ke faruwa. Ya bi diddigin wasiƙun ta'aziyya, ya kwatanta lambobin da ke kan tukwanen tokar da ake aika wa iyaye, ya ga dubbai ake kashewa. Shi da Fritz suka je wurin ministan shari'a, Franz Gürtner. A watan Yuli na 1940 Braune ya rubuta takardar ƙara da sunansa ya kai ofishin Hitler. A watan Agusta 'yan sandan asiri suka kama shi, suka tsare shi kusan wata uku.

Takardun tambayoyi sun iso Betel a watan Yuni na 1940, Fritz ya ƙi a cika su. Bai yi magana a kan mumbari ba, bai sanar wa jama'a ba. Ya zaɓi hanyar wasiƙu da ganawa da manya a asirce, yana jan lokaci. A watan Satumba na wannan shekara aka ba da umarnin fitar da Yahudawa daga gidajen jinya. Betel ta mayar da waɗansu wurin danginsu, amma waɗansu kaɗan ta miƙa su, aka kashe su a Brandenburg. A watan Fabrairu na 1941 gwamnati ta aiko da tawagar likitocinta su cika takardun da kansu. Kafin su iso, likitocin Betel sun riga sun kasa mazaunan kashi bakwai bisa ga ƙarfinsu da iya aikinsu, da nufin su kare masu yawa. Amma wannan rabo ya nuna ɗaruruwan da ke ƙasan jerin. Brandt kansa ya zo Betel fiye da sau ɗaya, Fritz ya yi ta gardama da shi cewa ba wani ɗan Adam da ba a iya kaiwa gare shi da ƙauna, kome zurfin naƙasarsa.

A nan ne koyarwar tsohon Bodelschwingh ta gamu da gwajinta. Shi ya ba raunana aiki domin su san su mutane ne. 'Yan Nazi suka ɗauki aikin nan suka mai da shi ma'auni: mai aiki ya rayu, marar aiki ya mutu. Duk wanda ya kare naƙasasshe da hujjar cewa yana da amfani, ya riga ya ba da wanda ba ya iya ɗaga cokali. Ga kuma wani abu: tara raunana dubbai a wuri ɗaya, nesa da danginsu, ya sauƙaƙa wa gwamnati ƙidaya su.

A ran 3 ga Agusta, 1941, bishop na Katolika a birnin Münster, Clemens August von Galen, ya hau mumbari ya kira abin da sunansa, kisan kai. Ya gargaɗi jama'a cewa in har ana kashe marasa amfani, to, tsofaffi da sojojin da suka dawo da rauni su ma suna kan hanya. Aka riƙa kwafar wa'azin ana miƙa shi hannu da hannu. A ran 24 ga Agusta Hitler ya dakatar da shirin. Lissafin masu kisan da kansu ya nuna mutum 70,273. Motocin ba su kai ga zuwa ɗaukar waɗanda aka jera a Betel ba. Amma a wurare da yawa kisa ya ci gaba ta hanyar yunwa da allura har 1945, jimlar waɗanda suka hallaka ta wuce 200,000. Fritz ya rasu a watan Janairu na 1946. An rataye Brandt a 1948 bayan shari'ar likitoci a Nuremberg.

Rushe katanga

Shekaru da yawa bayan yaƙi ana ba da labarin Betel a matsayin gidan da ya tsaya daram, ba a cika ambaton tiyatar tilas ko Yahudawan da aka miƙa ba. Rayuwa a manyan gidajen jinya na ƙasar, har da na ikkilisiya, ta ci gaba yadda take: gadaje da yawa a ɗaki ɗaya, maza dabam mata dabam, ƙofa a kulle, dattijo mai furfura ana bi da shi kamar yaro.

Canji ya fara ne daga iyaye. A 1958 waɗansu iyaye da wani malami ɗan ƙasar Holan, Tom Mutters, suka kafa ƙungiyar Lebenshilfe a Marburg, suna neman makarantu da wuraren aiki kusa da gida, don kada a raba su da 'ya'yansu. A 1959 ƙasar Denmak ta kafa doka bisa shawarar Niels Erik Bank-Mikkelsen, wanda shi kansa ya taɓa zama a sansanin fursunoni na 'yan Nazi, cewa mai naƙasar ƙwaƙwalwa ya yi rayuwa kusa da irin ta kowa iyakar iyawa. A 1969 Bengt Nirje na Suwidin ya bayyana ma'anar haka dalla-dalla: mutum ya tashi da safe ya sa tufafinsa, ya fita zuwa aiki a wani wuri, ya dawo gida, ya yi hutu da biki, a kuma ji zaɓinsa. A 1975 wani rahoto da aka gabatar wa majalisar Jamus ta Yamma ya tona irin mummunan halin da ake ciki a manyan gidajen.

Daga nan Betel ta fara rarraba kanta. Aka riƙa rage manyan gidaje, mutane suna komawa ƙananan gidaje a unguwannin birane, su huɗu ko shida tare, waɗansu ma su kaɗai da maɓallinsu, ma'aikaci yana zuwa ya taimaka da cefane da magani da lissafin kuɗi. A 1994 aka ƙara a tsarin mulkin Jamus cewa ba za a nuna wa kowa bambanci saboda naƙasa ba. A 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu, wadda sashenta na 19 ya ba mutum ikon zaɓen inda zai zauna da wanda zai zauna da shi. Jamus ta karɓe ta a 2009. A 2010 Betel ta cire kalmar da ke nufin gidan tsarewa daga cikin sunanta. Ta kuma buɗe ma'ajiyar takardunta ga masana tarihi, ta kafa alamar tunawa da waɗanda aka yi wa tiyatar tilas. A 2017 gwamnati da ikkilisiyoyin ƙasar suka kafa asusu domin waɗanda aka zalunta suna yara a gidajen naƙasassu bayan yaƙi. A 2019 kotun tsarin mulki ta soke dokar da ta hana fiye da mutum 80,000 jefa ƙuri'a saboda suna ƙarƙashin waliyyi.

Aikin bai ƙare ba. Mutum wajen 300,000 suna aiki a rumfunan sana'a na naƙasassu a Jamus, abin da ake biyansu kuwa ya gaza mafi ƙarancin albashi nesa ba kusa ba. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya soki wannan tsari a 2015, ya sake suka a 2023. Masu naƙasar da kansu ne yanzu suke ta da maganar, abin da ba a taɓa ji ba a zamanin Bodelschwingh.

Abin da tarihin ya bari

Nijar ta karɓi wannan yarjejeniya a 2008, Nijeriya a 2010, Gana a 2012. Amma takarda ba ta shiga bayan ɗaki ta fito da mutum. Ikkilisiyoyin waɗannan ƙasashe ba su da dukiyar gina gari kamar Betel, tarihin Betel kuwa ya nuna ba garin ne abin kwaikwayo ba. Abin da Jamus ta ɓata shekara ɗari kafin ta komo gare shi, wato mutum ya zauna cikin danginsa da maƙwabtansa, yana nan a ƙauyuka da yawa bai riga ya ɓace ba. Abin da ya rage shi ne a taimaki uwar da ke ɗauke da nauyin ita kaɗai, a nema wa mutumin abin yi daidai ƙarfinsa, a kai mai farfaɗiya asibiti, gama ciwon ba ya yaɗuwa ta yawu ko taɓawa, magani kuma yana iya tsayar da faɗuwa ga wajen mutum 7 cikin 10.

Tambayoyi biyu na takardar 1940 sun isa kowace ikkilisiya ta yi nazari a kansu. Ga ta farko, wane aiki yake iya yi, Farawa sura 1 ta riga ta ba da amsa: darajar mutum daga siffar Allah take, aiki kyauta ce da ake ba shi domin ya ji daɗin zama cikin jama'a. Ta biyu kuwa, ko akwai mai ziyartarsa, masu kisa sun yi ta ne domin sun san wanda ba a ziyarta yana iya ɓacewa ba wanda zai tambaya. Manzo Bulus, a 1 Korantiyawa sura 12, ya koya wa masu bi cewa jiki ba ya cika sai da gaɓoɓinsa marasa ƙarfi. Ikkilisiyar da ta san sunan kowane irin wannan ɗan'uwa a unguwarta, ta ba shi wurin zama a sujada, ta kuma shirya tun iyayensa suna da rai wanda zai riƙe shi bayansu, ta amsa tambayar da takan hana su barci.